Na Haye Gada Neman Gwanjo, Na Dawo da Atamfar Kakuri

Jama'a, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, ba zan yi fushi ba. Amma in kana da alaƙa da Kaduna, ko ka taɓa sanya gwanjo a jikinka, wanda na san kusan dukanmu ne ko da wasu ba sa son a faɗa, to ka daure ka kai ƙarshe.

Makon jiya tafiya ta kama ni zuwa Abuja, wani taron bita na malamai. Na baro Kano ranar Lahadi da yamma, na sauka gidan wani abokina a Tudun Wadar Kaduna, da niyyar in bi jirgin ƙasa daga Rigasa. Tikitin da na samu na Talata ne da safe, ka ga ke nan Litinin gaba ɗaya ba ni da abin yi. Ga shi uwargida ta haɗo ni da saƙo tun daga gida: rigunan sanyi na yara uku, don hunturu ya fara leƙowa, na bara kuwa duk sun yi musu kaɗan. Ta riga ta zaga Ƙofar Wambai, ta dawo tana salati saboda farashi. Ta ce tunda Kaduna za ka bi, ka duba ko can da sauƙi.

Na ce wa abokina ya raka ni Kasuwar Barci, tunda ga ta nan kusa. Ya ce ai tun da aka rushe ta a 2020 don a sake ginawa 'yan gwanjo da yawa suka watsu, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ya ce in araha nake nema, na taki sa'a, yau Litinin, Kasuwar Monday ta Kakuri tana ci. Sai ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Amma fa ƙetaren gada ne." Shi kuma yana da aiki, ba zai samu raka ni ba.

Wanda bai san Kaduna ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Kogi ya raba garin biyu, wannan tsarin Allah ne. Amma tun rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwambar 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, mutane suka ƙara wa kogin wani aikin da ba nasa ba. Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu. Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu musayar gida suka yi da juna, wasu ko tsinke ba su fita da shi ba. Har yanzu akwai Hausawa Musulmi a Kakuri da Makera da Nasarawa, akwai Kirista a arewa, kuma kullum dubban mutane suna haye gadar nan zuwa aiki da kasuwa lafiya lau. Amma in magariba ta yi kowa ya san ɓangaren da yake kwana.

Abin da da yawanku ba ku sani ba, ni a Makera aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ne, a sashen da ake buga zane a jikin atamfa. Ina da shekara 12 muka bar unguwar a cikin motar sojoji, a waccan Fabrairun. Daga ni sai rigar da ke wuyana. Innarmu ta bar akwatinta na ƙarfe, wanda ta shekara fiye da goma tana tara atamfofi a ciki, kusan dukansu na masaƙar da Baba yake aiki. Da ƙura ta lafa Baba ya koma duba ɗakinmu, ya tarar ko ƙyaure babu. Mu aka kai mu Kano wurin dangi, shi ya kama ɗaki a arewacin gari yana haye gada kullum, har ranar da masaƙar ta rufe ƙofa. Daga wannan rana zuwa makon jiya, na sha wucewa ta baifas a mota in za ni Abuja, amma ƙafata ba ta sake taka Kakuri ba.

Don haka da na hau Keke Napep na wuce filin wasa na Ahmadu Bello muka hau gada, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ba wanda ya kalle ni ma. Mai keken yana ta faɗa da wata fasinja a kan canjin naira ɗari. Muka sauka daga gada, ga shataletalen tashar jirgi, ga titin Kachia, ga hayaniya kamar ko'ina. Na ji kunyar kaina, ƙato da ni da gemu, ina tsoron unguwar da aka binne cibiyata.

Kasuwar kuwa, sai wanda ya gani. Tun kafin ka shiga za ka ji warin nan na dila, wanda duk ɗan gwanjo ya sani, kamar magani kamar turare. An shimfiɗa leda da buhuna a ƙasa, an zube kaya tuli-tuli. Nan wandunan jins, can rigunan mata, gaba takalma an jera su ƙafa ɗaya-ɗaya don kada a yi gaba da su, ga labule da zannuwan gado da jakunkunan makaranta da 'yar tsana mai ido ɗaya. Wani yana kaɗa ƙararrawa, wani yana ihu da Turancin buroka, na kusa da shi yana yi da Hausa, kuma in ka kasa kunne za ka ji Ibo da Yarbanci da Gwari da harsunan kudancin Kaduna da ban iya bambance su ba. Su okirika suke ce masa, mu mu ce gwanjo. A gaban tulin kaya kowa duƙawa yake. Na ga wata mata da makullin mota a hannu tana jan riga ɗaya da wata mai tallan gyaɗa, kowacce ta riƙe hannun riga ɗaya ta ƙi saki.

Ga ɗan abin da na koya, ko zai amfani wani. Mai son kaya masu kyau da sassafe yake zuwa, lokacin da ake yanka igiyar dila. Zaɓen farko ya fi tsada, kuma yawanci masu shaguna ne suke wawashe shi, su wanke su goge, su rataye a shagon gilashi su ninka kuɗin. In rana ta take farashi ya fara sauka, in ta yi yamma sai ka ji ana kiran kuɗi ɗaya a kan komai da ke cikin tuli, don ba mai son ya koma da kaya gida. Ni tsaka-tsaki na je. In ka ɗauki riga, ka ɗaga ta saitin rana ka duba ƙananan huji, ka juya cikinta ka duba hammata da wuya, ka ja zif sama da ƙasa, ka miƙa robar hannu ka ga ko ta mutu. In ka kai gida a jiƙa da ruwan zafi, a wanke, a shanya a rana, a goge, kafin yaro ya sa. Kayan ciki kuwa, ni dai ban ba da shawara ba.

Na tsaya wurin wani matashi, Bakatsine daga jin Hausarsa, da tulin rigunan sanyi na yara. Na zaɓi shida. Ya ce dubu huɗu-huɗu. Na ce haba ɗan'uwa, riga ce ko fili? Na taya dubu biyu. Ya ce albarka. Na ajiye na yi kamar zan tafi, irin tafiyar nan da ƙafa ke gaba kunne yana baya. Ya kira ni. Muka yi ta ja har muka tsaya a dubu biyu da ɗari bakwai. Ina ƙirga masa kuɗi ina jin daɗin kaina, Bakano ya yi ciniki.

Sai ya ce, "Malam, wallahi don dai ka buɗe min kasuwa ne. Ka san nawa dila take yanzu?" Ya ce kuɗin da yake sayen dila biyu da shi kafin a cire tallafi, yanzu ɗaya ba ya saya masa. Kuma dila sayen ido rufe ce, ba a buɗe maka ka gani. Wata ka fasa ka ci riba, wata ka fasa ka tarar rabinta tsumma ne, ba wanda za ka kai wa ƙara. Ban yi masa musu ba, don lissafin a fili yake. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta wuce 1,000. Dila kuwa da kuɗin waje ake sayo ta, a mota ake kawo ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka ɗauki wannan ka je shagon sababbin kaya da yara uku, ka dawo ka ba ni labari.

Abin mamakin shi ne, a takarda haramun ne shigo da gwanjo Nijeriya. Yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, shekara da shekaru. Amma ba garin da ba shi da kasuwarsa. Rigar da wani ya gaji da ita a Ingila ko Amurka ko Kanada, ya jefa a akwatin sadaka, kamfanoni su tattara su tace su ɗaure dila-dila, jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, daga nan ta san yadda take ratsa iyaka, wata ta kudu wata ta Nijar. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, gwanjo bai ƙare a kasuwa ba, tsada kawai ya ƙara. Kuma yanzu ba na Turai kaɗai ba ne, har na Sin da Koriya suna cikin tuli.

Da na gama da rigunan yara sai na ce bari in ɗan zaga. A nan ne na ɗaga kai na hango dogayen rufin masaƙu. Wanda bai ga Kakuri a da ba ba zai yarda ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. A shekarun 1960 aka samu Nortex da UNTL da Arewa Textiles, wasu suka biyo baya. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi nan take ƙarewa. Adams Oshiomhole da kuke ji, a masaƙar Arewa ya fara harkar ƙungiyar ƙwadago kafin ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa, ya zama gwamnan Edo. Ina tuna jiniyar canjin aiki, sau uku a rana. In ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, ba ka iya tsallakawa. Masu abinci, masu shayi, masu gidan haya, teloli, duk a jikin masaƙa suke ci. A layinmu kaɗai akwai Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe, famfo ɗaya muke layi.

KTL ta tsaya a 2002. Arewa ta bi bayanta ba da jimawa ba. UNTL ta rufe a 2007, an sake buɗe wani ɓangare daga baya amma ba ta koma kamar da ba. Yau a jikin katangun nan ake baza tufafin da Turawa suka gaji da su. Na daɗe a tsaye ina kallon wannan abu.

A can gefen kasuwa, inda masu ƙaramin jari suke rakuɓewa, na ga wata tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunno. Kayanta ba na dila ba ne. Tsofaffin kwanonin sha ne masu fure, da fitilar ƙwai, da wani agogon bango da ya tsaya, sai atamfofi guda biyar a ninke a kan tire. Idona ya sauka a kan ta ƙasa, mai ruwan bula da zanen ganye. Na san zanen nan. Na durƙusa na ce, "Sannu Mama, in duba?" Ta ce, "Duba mana ɗana, kallo ba kuɗi." Na warware gefen zanen, inda ake buga suna. Ga sunan masaƙar da Baba ya yi wa aiki, ga lambar zane, rubutun bai goge ba.

A nan zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Tunanin da ya fara zuwa min shi ne: wannan ta Innarmu ce. Akwatinmu ne aka fasa. Na ɗago na kalli tsohuwar nan, na ga sarƙar gicciye a wuyanta, zuciyata ta gama yanke mata hukunci kafin ta buɗe baki. Atamfar da aka buga dubbai irinta, aka sayar daga Kaduna har Kamaru, amma ni a take na mayar da ita shaidar sata. Shekara 25 ina ɗauke da wannan abu ban sani ba.

Na daure na ce, "Mama, a ina kika samo wannan?" Wataƙila ta ji wani abu a muryata, don sai da ta dube ni sosai. Ta ce, "Samowa? Tawa ce. Maigidana ne ya saya min da na haifi ɗana na biyu. A masaƙa yake, wurin injin saƙa. In Kirsimeti ta zo ana ba su a farashin ma'aikata, a cire a albashi." Gaskiya ta faɗa, don mu ma haka ake yi wa Baba in Sallah ta zo.

Na ce mata babana ma can ya yi aiki. Na faɗi sunansa da sashensa. Ta yi tunani, ta girgiza kai, ta ce ba ta san shi ba, ma'aikata sun yi yawa a lokacin, da maigidan yana raye wataƙila da ya gane shi. Ta tambaye ni ina muke yanzu. Na ce Kano, tun rikicin 2000 muka tashi daga Makera. Ta ce, "Ayya. Mu kuma a makon nan muka taso daga Tudun Wada." Unguwar da na kwana jiya. Ta ce gidan haya suke, keken ɗinkinta da gado da komai a can suka tsaya. Atamfofin nan sun tsira ne don ta kawo su ajiya wurin ƙanwarta a Kakuri tun kafin abin ya faru. Ba ta ce wane ne ya ƙona ba, ni ma ban ce wane ne ya fasa namu ba. Duk mun sani.

Na ce to me ya sa za ki sayar, bayan kin riƙe su duk shekarun nan? Ta yi dariya ta ce, "Hawan jini ba ya cin atamfa, ɗana, magani yake ci." Ta ce goma sha biyu ne da, ɗaya-ɗaya take fitarwa in abu ya matse. 'Yan mata ba sa so, sun ce tsohon yayi ne, sun fi son mai ƙyalli ta Sin ko da wanki uku za ta yi ta koɗe. Masu saye sai irin tsofaffin da suka san abin.

Na tambayi kuɗi. Ta ce dubu shida. Ni da na gama matse yaron can a kan naira ɗari uku, sai bakina ya ƙi buɗuwa. Na zaro dubu goma na miƙa mata na ce ta riƙe. Ta ƙirga, ta zare dubu huɗu ta miƙo min. Ta ce, "Kasuwa na zo, ban zo bara ba. In kana so ka ƙara min, ka ƙara saye." Na ƙara dubu biyu na ɗauki ta biyu, mai ruwan goro. Ta ninke su da kyau ta sa a leda, ta ce, "Ka gai da mamarka. Ka ce mata wata 'yar Kakuri tana gaishe ta." Na ce za ta ji. Na tashi da sauri don kada ta ga idona.

Tun daga nan har cikin jirgin Abuja abu biyu nake juyawa.

Na farko, maganar hana gwanjo. Duk bayan ɗan lokaci sai ka ji wani babba ya tashi a taro ya ce gwanjo ne ya kashe masaƙunmu, a ƙone shi, a kama masu sayarwa. A matsayina na ɗan ma'aikacin masaƙa, da kunnena na ji abin da Baba da abokansa suke kuka da shi, kuma ba gwanjo ne a gaba ba. Wuta ce ba ta tsayawa. Baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada, wani lokaci a neme shi a rasa. An rushe hukumar auduga a 1986, manomi ya rasa mai tsaya masa a kan iri da farashi. Injuna sun tsufa ba a canja ba. Sannan aka buɗe ƙofa, atamfar waje ta cika kasuwa, har da ta jabu da ake kwaikwayon zanen masaƙunmu a buga sunansu a gefe, a sayar ƙasa da kuɗin da su suke kashewa. Gwanjo ya ci nasa rabon, musamman a wurin teloli, ban musa ba. Amma ko yau aka ƙone duk dilar da ke Kaduna, injin ko ɗaya ba zai tashi a Kakuri gobe ba. Abin da zai faru kawai, 'ya'yana da na maƙwabcina su shiga hunturu ba rigar sanyi, yaron can Bakatsine ya rasa sana'a.

Wannan ba yana nufin mu zauna a haka ba. Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji mai nauyi, Amurka ta dakatar mata da damar shigar da tufafi ba haraji a 2018, ta ƙi ja da baya. Ko an yarda da su ko ba a yarda ba, sun dai yanke shawara a fili sun biya kuɗinta. A Gana kuwa gwanjo halal ne, kasuwar Kantamanto ta Akara tana ciyar da dubban mutane, amma tsummokaran da ba su sayu ba sun cika kwatoci da bakin teku, ga gobarar da ta cinye kasuwar a Janairun 2025. Mu namu ya fi kowanne ban haushi: mun hana a takarda, mun bari a aikace. Gwamnati ba ta samu haraji ba, masaƙa ba ta samu kariya ba, talaka ya biya kuɗin kowane shingen hanya a cikin farashin riga. In da gaske ake, a fara da wuta da auduga. Ranar da rigar Kaduna ta yi araha ta yi ƙarko, ba sai an tura kowa ya kori gwanjo ba, uwargidata da kanta za ta daina zuwa Ƙofar Wambai.

Na biyu ya fi damuna, don shi ba laifin gwamnati ba ne, nawa ne. Ni da nake rubuce-rubuce a nan ina wa mutane wa'azin zaman lafiya, minti ɗaya ya ishe ni in mayar da tsohuwa ɓarauniya saboda abin da ke wuyanta. Ban ce a manta abin da ya faru ba. An kashe mutane, an ƙona dukiya, a ɓangarorin biyu, kuma da yawa ba a yi musu adalci ba har yau. Amma yaran da aka haifa bayan 2000 yanzu sun yi aure sun haihu. Akwai saurayi a Rigasa da bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, akwai budurwa a Sabon Tasha da ba ta taɓa shiga gidan Musulmi ba. Iyayenmu masaƙa ta haɗa su, dole ka san sunan wanda yake kama maka ɗaya bakin yadin. Da masaƙun suka mutu, wurin haɗuwar ma ya tafi da su. Abin da ya rage mana sai irin kasuwar nan, inda kowa yake duƙawa a kan tuli ɗaya. Shi ya sa duk mai shirin gyara kasuwa ko tayar da ita a Kaduna ya kamata ya san ba rumfuna kaɗai yake taɓawa ba.

Ranar Juma'a na dawo Kano. Yara sun sa rigunansu tun kafin a wanke, sai da uwarsu ta bi su da tsawa. Ɗaya daga cikin shidan ashe zif ɗinta ya lalace, duk binciken da na yi. Bakatsine ya rama.

Da daddare na je wurin Innarmu. Ku sani ita ba ta ƙaunar gwanjo ko kaɗan, kayan matattu take ce masa. Na ajiye ledar a gabanta ban ce komai ba. Ta warware mai ruwan bular, ba ta ko kalli zanen ba, kai tsaye gefen ta nufa. Ba ta karanta boko, amma ta san siffar tambarin. Ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta kai hanci. Ta ce, "Irin wannan ce na sa ranar sunan ƙanwarka." Ta daɗe shiru. Sannan ta ce, "Dubi, ko koɗewa ba ta yi ba. Aikin su Malam ke nan."

Na ba ta labarin tsohuwar, na isar da gaisuwa. Na ɓoye mata abin da na fara zargi, ku ne na fara gaya wa. Ta tambaye ni ko matar tana da 'ya'ya a kusa, na ce ban tambaya ba. Ta ce ban kyauta ba. Ta ce ba za ta ɗaura zanen wata ba, wannan kam ba ta canja ba, amma ta ninke su biyun ta sa a ƙasan akwatinta. Ta ce in na sake bi ta Kaduna ranar Litinin in nemi matar, in kai mata kuka da kuɓewa busasshiya, kuma in sauran ukun suna nan in saye su duka, kada in yi mata tayi.

Na ce to. Allah Ya sa in same ta. Allah Ya ji ƙan iyayenmu da suka yi aiki a masaƙun nan, na kowane ɓangare, Ya ba Kaduna lafiya mai ɗorewa. Wanda iyayensa suka yi aiki a Kakuri, ina son in ji daga gare shi.